Tarin Baba na Ranar Alhamis

Har yanzu idan rana ta yi sanyi ranar Alhamis, nakan ji kamar ina falonmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Hasken la'asar yana ratso labule, fankar sama tana juyawa a kasalance, ƙanshin turaren wutan Umma ya cakuɗe da na albasar da ake soyawa a maƙwabta. Can bakin titi 'yan adaidaita sahu suna ta hon, amma ƙarar kan iso mana a sanyaye, kamar cikin barci. A lokacin ake sa wasan barkwanci a talabijin, mu kuwa tuni mun baje a kan kafet.

Baba ma'aikacin gwamnati ne, mai ji da dattakonsa. A ganinsa magidanci ba ya ƙyalƙyala dariya a gaban 'ya'yansa, kuma ya sha faɗa mana shi ba ya kallon shirme. Duk da haka, kowace Alhamis yana kan kujerarsa ta gefen taga da jarida a buɗe. Shafi ɗaya yake karantawa har a gama wasan.

Akwai wani wasa da ake yawan maimaitawa. Wani marowaci ya sayo tsire, ya buɗe zai ci ke nan sai ya ji sallama, ya yi maza ya zuba naman a hula ya kifa a kansa. Baƙon kuwa mai doguwar gaisuwa ne. Ina gajiya, ya iyali, ya jikin tsohuwa, ya aka ji da zafi. Man tsiren yana gangarowa ta goshin marowacin, yaji yana shiga idonsa, shi kuma yana ta amsa lafiya lau. Mun haddace wasan tsaf, amma bai taɓa gundurar mu ba. Daɗin yana cikin jiran nan, kana ganin mutum yana fama ya rufa wa kansa asiri alhali kowa ya gani.

Da man ya kai karan hancin marowacin, sai jaridar Baba ta fara rawa. Sai ya yi tari sau biyu, ya turo hularsa gaba, ya ce, "Allah ya shirya." A nan Umma take fashewa da dariya har da riƙe ciki. Ni duk tsammanina tsiren take yi wa.

Akwai kuma Madam, maƙwabciyarmu, Kirista ce 'yar kudu, tela, wadda ta riga mu zama a layin. Takan shigo da ɗinkin hannu ta zauna a bakin ƙofa, inda take hango talabijin da kuma mu duka. Ita da Umma ba sa ɓoye wa juna komai, daga gishiri har damuwa.

Ina da aure da 'ya'ya biyu a Darmanawa Baba ya rasu. Umma ta shiga takaba, aka lulluɓe talabijin da zane. Wata huɗu da kwana goma suka cika, ta yi wanka, aka yi sadaka, amma Umma ba ta dawo daidai ba. Loma biyu take yi ta ture kwano. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Ta kan zauna tana kallon labule yana motsi, a yi mata magana sau uku kafin ta ji. Na tsorata ƙwarai, don na ga alamar bin sa take shirin yi.

Na yaye zanen talabijin. Na kunna mata wasanni, na nuna mata na waya, waɗanda ni suke sa ni hawaye don dariya. Ta kalla cikin ladabi, kamar mai sauraron wa'azi, sannan ta ce, "An gama? To kashe." Haushi ya sa na koma zagin 'yan wasan. Na ce na yanzu ba su iya komai ba sai ihu da zare ido, alhali bayin Allah ba su yi mini laifin komai ba.

Wata Alhamis da la'asar na je, na tarar ana maimaita wasan tsiren nan. Umma tana kishingiɗe, tuwon rana yana gefenta a rufe. Madam ta shigo da ɗinkinta, ta dubi talabijin, ta dubi Umma. Maimakon bakin ƙofa, sai ta wuce kai tsaye ta zauna a kujerar Baba, wadda ba wanda ya taɓa tun rasuwarsa.

A gidanmu idan an ambaci mamaci addu'a ake yi masa, a sunkuyar da kai. Ba a kwaikwayonsa. Su Madam kuwa, kamar yadda ta taɓa ba mu labari, idan tsoho ya rasu zama suke yi su tuna yadda yake tafiya da yadda yake faɗa, su yi ta dariya. Ina jin ba ta ma san tana taka wata doka ba.

Ta ɗauko tsohuwar jarida a ƙarƙashin tebur ta buɗe. Baƙo yana gaisuwa, mai yana gangarowa. Da ya kai karan hanci, jaridar ta fara rawa. Madam ta yi tari, ta turo ɗankwalinta gaba, ta ƙanƙance murya ta ce, "Allah ya shirya."

Raina ya ɓaci. Na buɗe baki zan ce mata wannan ba abin wasa ba ne, sai na ji wani sauti a bayana, kamar an buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe. Umma ce. Dariya take yi, hannu a ciki, hawaye yana bin kuncinta. Ta yi har ta koma kuka, kukan ya sake komawa dariya. Madam ta sauke jaridar, ita ma idonta jawur.

"Haka yake yi," in ji Umma. "Duk shekarun nan ni ba akwatin nan nake kallo ba. Shi nake kallo yana fama."

Kunya ta kama ni, ni da na girma a falon ban taɓa lura da inda idon uwata yake ba. Fanka tana juyawa, hasken ya koma ja a jikin labule, marowaci yana can yana share goshi.

Umma ta jawo kwanon tuwon ta buɗe, ta ce in ɗumama mata miya. Ina hanyar kicin na ji tana cewa, "Madam, ki dawo Alhamis mai zuwa. Amma tarin sau biyu ne. Ke kin yi uku."