Shekara Bakwai Bayan Rifkatu, Wadda Ta Kai Ni Teku

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar Rifkatu. Duk shekara idan watan ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in dawo daga aiki ƙafafuna sun kumbura, in zauna a bakin gado ko takalmi ban cire ba, in ce sai baɗi. Bana ma ba don gajiyar ta ragu na ɗauki alƙalami ba. Na dai lura na fara manta muryarta, abin kuwa ya ba ni tsoro.

Ga wanda bai san ta ba, Rifkatu 'yar Kagoro ce, ni kuwa Bazazzagiya. A nan Greensboro, garin Turawan da muka zo neman abinci, muka haɗu, a wani gidan kula da tsofaffi da ke kusa da titin Gate City, inda muke yi musu wanka, mu juya su a gado, mu ba su abinci a baki. Wata rana ina ɗaga wani tsoho mai jiki na ce "wayyo bayana" ba tare da na san ta fito fili ba. Sai na ji daga bayan labule an ce, "Sannu, 'yar gida." Daga ranar muka ƙulle. Ni ke karɓar mata aikin Lahadi ta tafi coci, ita kuma ta karɓar mini ranakun Sallah. Tana ce mini Hajiya, ina ce mata Maman Lidiya, da sunan 'yarta ɗaya tilo. Haka muka yi shekara goma sha huɗu.

Kallon tsuntsaye a wurin wata tsohuwar Baturiya ta koya, cikin waɗanda muke jinya. Matar ba ta iya tafiya, Rifkatu ke tura kekenta zuwa tagar da ke fuskantar wani ɗan kurmi a bayan ginin, ita kuma tana faɗa mata sunan duk wanda ya sauka a reshe. Da tsohuwar ta mutu, 'ya'yanta suka bar wa Rifkatu madubin hangen nesanta da wani littafi mai hotuna. Na sha yi mata tsiya a kan haka, ita ma tana taya ni. Takan ce tun tana ƙarama aikinta a gonar acca shi ne kaɗa gwangwani tana korar tsuntsaye, ga shi da furfura ta dawo tana lallaɓa su kada su tashi.

Sai ciwon daji ya kama ta a nono. Aka yi mata aiki, ta sha ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, Allah ya tashi kafaɗunta. Tana samun ƙarfi ta ce ita fa sai ta je Kosta Rika, can tsakiyar nahiyar nan, inda kurmi yake gangarowa har bakin teku. Mijinta Yakubu direban babbar mota ne, ya ce shi hanya ta ishe shi. Maigidana ya ce in dai da Rifkatu ne, in je. Mutanenmu kuwa sun yi ta magana. Mata biyu da hankalinsu, sun sami hutu, maimakon su je gida ganin dangi sai su tafi daji kallon tsuntsu? Ni kaina a zuciyata ina tare da masu maganar. Kunyarta kawai na ji.

Mun shiga jirgin sama, muka shiga ƙaramar mota, daga nan hanya ta ƙare. Sai kwalekwale mai inji, ya bi wani kogi tsakanin itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwa, har ya fitar da mu teku. Babu gada, babu matsaya. A cikin ruwa aka sauke mu, muka naɗe zannuwa muka taka zuwa tudu. Masaukin ɗakunan katako ne a ƙarƙashin bishiyoyi, zafi da laima kamar an rufe mutum da bargo jiƙaƙƙe. Da asuba ina sallah na ji wani irin ruri daga saman itatuwa, na sallame, na ɗauka zaki ne. Ashe birai ne.

Wani dattijo mai suna Ernesto, mai kwalekwalen, shi ke shiga da mu kurmi da sassafe. Na ga manyan aku ja-jawur, da shuɗi da rawaya a fukafukai, suna tafiya bibbiyu suna ihu kamar masu faɗa a kasuwa. Na ga wani mai ƙaton baki kamar cilakowa, bakin ya kusa kai tsawon jikinsa. Na ga wani ɗan mitsitsi da bai wuce babban yatsana ba, yana tsaye cak a iska yana shan fure. Amma abin da ya fi sa Rifkatu dariya a duk tafiyar, balbela ce. Mun fito wani fili da shanu ke kiwo, sai ga ta fara tas tana bin su, irin tamu sak. Rifkatu ta sauke madubi ta ce, "Ke ma kin samu biza?"

Rana ta uku aka kai mu gefen wani tsibiri. Aka ba kowa gilashin da ke rufe ido da hanci, da bututun da ake kamawa a baki ana numfashi, da rigar da ke hana mutum nutsewa. Ni ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Na sa doguwar riga da wando na ɗaure kaina, na sauka, na ji babu ƙasa a ƙarƙashina, na fara salati ina shan gishiri. Rifkatu ta riƙe wuyan hannuna, ta ce in daina kokawa, in kwanta kawai in duba ƙasa. Na kwanta. Gani ya kori ji. Murjanin da na sani a wuyan mata, ga shi nan da ransa, tsibi-tsibi kamar gari. Kifaye masu zane-zane suna wucewa ta gaban fuskata ba su damu da ni ba. Wani kunkurun ruwa ya taso a hankali, ya shaƙi iska kusa da mu, ya koma. Ban ji komai ba sai numfashina. Tun da na baro gida, ranar ce ta farko da babu wanda ke jiran in yi masa wani abu.

Bayan shekara ɗaya da rabi ta ce mu koma. Na lura ta rame, ta ce azumin coci ne. A can na ga ba ta iya hawan tudun da ta riga ni hawa a baya. Takan zauna a kan saiwa ta ce mu je, ita a nan tsuntsayen za su same ta. Ranar da ruwan sama ya hana mu fita, muna zaune a baranda da la'asar, ta gaya mini. Ciwon ya dawo, ya shiga hanta. Likita ya ce za a iya sake ƙarin ruwan, zai ƙara mata 'yan watanni, amma ba warkewa. Ta ce ba za ta yi ba. Ba ta gaya wa Yakubu ba, ba ta gaya wa Lidiya ba, wadda a lokacin take zangon ƙarshe na karatun haɗa magunguna a wata jihar.

"Idan ta ji, za ta ajiye karatun ta dawo ta zauna tana kallona," in ji ta. "Hajiya, ki yi mini alkawari."

Na ce, "Maman Lidiya, wannan kayan ya fi ƙarfina."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa na ba ki."

Na yi mata alkawarin. Wata huɗu na riƙe shi. Ina zuwa gidansu a unguwar Sedgefield in yi musu miya, Yakubu yana tambayata ko na san abin da ke hana ta cin abinci, ina cewa a dai yi ta addu'a. Lidiya ta kira ni sau biyu a waya, na ce mata Mama na nan lafiya, ta mai da hankali ga jarrabawa. Ta gama, ta ci. Ta iso gida uwarta na da sauran kwana goma sha ɗaya a duniya, rabinsu ba ta gane mutane.

Bayan an dawo daga maƙabarta, a harabar cocinsu, Lidiya ta tare ni. Da Turanci ta yi maganar, kamar yadda 'ya'yanmu suke yi, amma ma'anarta ita ce: Anti, kin sani, kika bar ni ina karatu. Yakubu daga baya ya ce mini shi ba ya riƙe da ni, ya san halin matarsa, idan ta ɗaure mutum ba ya kwancewa. Lidiya kuwa har yau idan muka haɗu a shagon kayan abincinmu na gida, takan gaishe ni da ladabi, ta tura kwandonta ta wuce. Tana da yara biyu yanzu. Ban taɓa ɗaukar ko ɗaya ba.

An ce alkawari kaya ne. Ba a faɗa mana cewa wani kayan ba a sauke shi ko bayan mai shi ya tafi ba. Shekara bakwai ina juya maganar. Wata rana in ce na yi daidai, rai nata ne, ita ke da ikon yadda za ta ƙarasa shi. Wata rana in ce na ƙwace wa yarinya wata huɗu da uwarta, abin da babu takardar shaidar da za ta biya ta. Na tambayi malami, na tambayi faston su Rifkatu, kowa ya ba ni amsa mai daɗi, babu wadda ta zauna mini. Yanzu na gaji da tambayar ma.

Nakan yi tunanin abin da za ta ce da ta ga yau. Ɗan kurmin nan na bayan wurin aikinmu an sare shi, an jera gidajen haya, tagar tsohuwar yanzu filin ajiye motoci take kallo. Na san za ta tsaya ta yi tsaki, sannan ta nuna mini wani tsuntsu a kan wayar lantarki ta ce ai ga wani bai tafi ba. Yanzu akwai manhaja a waya, ka ɗaga ta sama ta saurari kuka ta faɗa maka sunan mai yin sa. Ina jin wannan zai ba ta haushi, ita da ta yi shekaru tana koyon abin da kunnenta. Ernesto yakan aiko mini gaisuwa lokaci-lokaci. Bara ya ce ruwan ya yi ɗumi, murjanin wajen da muka shiga ya yi fari a wurare da yawa. Ban san yadda zan gaya mata wannan ba ko da tana nan.

Mu ma mun sauya. Mutanenmu da yawa yanzu ko da takardunsu a hannu suna shakkar fita ƙasar, kada a sami matsala wajen dawowa. Kowa na aiki biyu, zumunci ya koma saƙon waya. Waɗanda suka yi mana dariya a da, wasu sun zo suna tambayata yadda ake zuwa wurin, na kwatanta musu, ban ji wanda ya je ba. Ni ma ban koma ba. Gwiwoyina ba za su hau kwalekwale ba, kuma gaskiyar magana, babu wanda zai riƙe mini hannu.

To me ya rage na Rifkatu? Ba ta bar gida a Abuja ba, ba a sa wa komai sunanta ba. Idan na auna, abin da ya rage ɗan kaɗan ne, yana kuma warwatse a jikin mutane. Akwai ma'aikata biyu a wurinmu da har yau ba sa ajiye tsoho yana fuskantar bango, sai sun juya shi wajen haske, ba su ma san daga wa suka gada ba. Akwai matan cocinsu da suka je asibiti aka duba su da wuri saboda ita. Akwai ni, da ta nuna wa cewa ɗan Adam yana da haƙƙin hutawa tun kafin a kwantar da shi. Akwai kuma ɓacin ran 'yarta, wanda shi ma nata ne, ita ta bar shi. Ba zan yi mata ƙarya ba don ta mutu. Mace ce mai kirki mai taurin kai, ta zaɓa wa mutane abin da ya kamata ta bar su su zaɓa.

Lidiya ba ta karanta Hausa, wataƙila shi ya sa na sami ƙarfin halin rubuta wannan. Amma mahaifinta yana karantawa, kuma akwai abu ɗaya da nake roƙon ya gaya mata, wanda ban taɓa samun damar faɗa ba. Lidiya, washegarin ranar da ta ɗaure ni da alkawari, uwarki ta ce sai ta shiga ruwa. Ba ta da ƙarfin motsa ƙafa, ni na ja ta, ni da ban iya ba. Mun daɗe a kwance a saman ruwan. Da muka ɗago ta cire bututun daga bakinta, tana haki, ta ce a nan ciki babu inda ke mata ciwo. Sannan ta ce, "Lidiya ta fi ni tsoron ruwa. Wata rana ki kawo ta."

Ban kawo ki ba, 'yata, kuma da wuya in iya yanzu. Amma saƙon naki ne, na riƙe shi ya isa. Allah ya ba mu haƙurin rashinta.