Gonar da Don Aristides Bai Ba Ruwa Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah ya karɓi ran Don Aristides Quiceno a gonarsa da ke Alto del Cedral. Mu da ke birnin Medellín ba mu tabbatar ba sai ranar Laraba, amma ni da 'yarsa Yurany tun safiyar Talatar gabanmu ke faɗuwa. Ni na riƙe Yurany ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa har ya bar duniya comadre yake ce mini, ni kuma in ce masa compadre.

Compadre, yau da kai nake. Tare muka gangaro daga dutse shekarar da masu bindiga suka ce kowa ya tattara ya bar ƙauye. Ni na kama sana'ar gashin arepa, wainarmu ta masara, a bakin titi, Allah ya rufa mini asiri. Kai kuwa birni bai taɓa karɓarka ba. Ka yi gadi, ka yi dako, da ƙarfi ya ja baya ka koma zaman taga kana ramewa. Duk da haka ba ka taɓa ganina da buhun masara ka ƙyale ni ba, sai ka karɓa ka haura da shi matakalan unguwarmu kana haki, kana cewa ni ce tsohuwa.

Yurany ce ta sa maka wasan gona a waya, gona ɗaya ku biyu, kowa na shiga daga wayarsa. Ranar farko ka yi tsaki. "Yanzu ni za a koya wa noma da ɗan yatsa? Karas ya nuna kafin kofi ya huce? Wannan ai rainin hankali ne!" Ba a jima ba sai ga ka da kaji, da saniya har da suna. Kuma ka ƙi shuka ko ƙwaya sai wata ya fara raguwa, yadda iyayenmu suke yi.

"Baba, wasan nan fa bai san wani wata ba," in ji Yurany.

"Shi bai sani ba. Ni na sani."

Na sha yi maka tsiya a kan haka. Wata rana na tambaye ka abin da kake samu a ciki, ka ce, "Comadre, a nan in na shuka ni nake girbewa. Ba mai buga ƙofa ya ce rabi nasa ne." Ban sake yi maka dariya ba.

Mun zaci an samo abin da zai zaunar da kai. Ashe kewar ƙasa ya tayar maka. Da aka ce an mayar wa mutane filayensu, ka hau ɗaure kaya. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce masu bindigar nan ba inda suka je, suna nan a kan hanya. Ka ce wata na raguwa, wake ba ya jira. Wallahi taurin kanka ya ba ni haushi, har yau ma ban huce ba.

Kowa ya san a shingensu sai sun karɓi waya sun duba wa ka kira, me ka rubuta. Wanda aka ga yana yawan magana da birni, sai a ce ɗan leƙen asiri ne. Don haka kuka shirya da Yurany: ba kira, ba saƙo. Kullum da safe za ka hau tudun da ake samun sabis ka ba gonar wasa ruwa. Ta buɗe ta ga ƙasa a jiƙe, ta san kana raye. Tun farkon shekara haka muke. Sai ta leƙo wurin gashina ta ce, "Ya ba da ruwa," sannan in iya haɗiyar kofi.

Ranar Talata ƙasa ta wuni a bushe. Na ce ƙila caji ne, ƙila ruwan sama ne ya hana ka hawa. Ni kaina ban yarda da abin da nake faɗa ba. Laraba muka shiga mota. A shinge wani mai bindiga ya karɓi wayar Yurany, ya yi ta latse-latse. Da ya kai kan wasan sai ya kece da dariya. "'Yammata, gonarki ta bushe." Ta ce, "Na gani." Ya miƙo mata.

Maƙwabcinka Don Leonidas ne ya tsince ka tsakanin kunyoyin wake, fartanya a gefenka. Ya ce zuciya ce. Ban yarda ba sai da na buɗe rigarka da hannuna, na duba gaba, na duba baya. Ba rauni ko ɗaya. Ban taɓa zaton zan tsaya a kan gawa in gode wa Allah ba, amma ranar na gode. Ba su suka ɗauke ka ba.

Da aka gama addu'ar kwana tara na ce wa Yurany ta ɗauko jakarta. Ta ce, "Mama, wake ya kusa. Ba zan bar musu ba." Na yi kuka, na yi zagi, na roƙa. 'Yarka ce, jininka ne. Ta karɓi wayata ta sa mini wasan, ta nuna mini inda zan duba, ta raka ni mota. Ni kaɗai na gangaro.

Allah ya jiƙanka, compadre, ya gafarta maka, ya ba ka hutawa a inda ba a korar kowa. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwarka Doña Herminia da dukkan mutanen Alto del Cedral, na dutse da na birni. Yurany kuwa, ya Allah, a hannunka na bar ta, ka rufe idon mugu daga kanta. Yau da safe dai ta ba da ruwa.