Mai Roba, Wanda Ake Shiga Rumfarsa da Baya

Kafin masu shagunan layin su ɗaga ƙyaurensu, Mai Roba ya riga ya share rumfarsa, ya hura garwashi a kasko, ya cusa ƙarafansa su ɗau zafi. Sai ya zauna a kan tsohuwar kujerar mota, ya jawo tulin fasassun bambobin da yake tsintowa a gareji, ya hau yanka. Aikinsa ke nan shekara da shekaru: 'yan kunnuwan robar nan da ke riƙe bambar baya a jikin mota. Abin bai fi tafin hannu ba, kuma ba mai tunawa da shi sai ranar da ya karye, bamba ta saki tana jan ƙasa, mutane na nuna mota suna dariya.

In aka kawo masa aiki, yakan kwance kunnen ɓangaren da bai karye ba, ya zana shi a kwali, ya kifa kwalin don hagu ta koma dama. Sai ya yanko roba mai kauri, ya gasa, ya lanƙwasa, ya huda, ya goge da magagari. In ya ɗaura, ya dafa bamba da gwiwa ya jijjiga motar. Ta yi ko ƙis, ya kwance ya sake.

Duk wanda ya taɓa dakan ginshiƙi da baya a unguwar nan, Mai Roba ya san shi, ya san ranar, ya san ƙaryar da aka je aka yi a gida. Ni da nake tsallaken titi na kai masa shayi, na kai ruwan sanyi, na yi ta kewaye-kewaye ko zai faɗa mini abin da motar matar likitan unguwarmu ta daka. Sai ya ce, "Inna, ni fa roba nake gasawa." Kai ne rijiya mai murfi, Mai Roba, kuma har yau ina jin haushinka.

Yana da doka guda. Rumfarsa matsattsiya ce, bango a dama, turken ƙarfe a hagu, kuma tun da aikin na baya ne, da baya ake shigar da mota. Mai motar ne kuma zai shigar da abarsa da kansa. Ya ce hannunsa ba ya taɓa sitiyarin wani, kuma ba ya son a yi ta gardamar wa ya goge wa fenti.

To, wannan dokar ce ta ceci Baba Tela.

Baba Tela tsoho ne da ya ajiye keken ɗinki, ba abin da ya rage masa sai wata ƙaramar mota mai tari. Da ita yake kai matarsa asibiti, don gwiwoyinta sun daina yarda da hawa motar haya. Shi ke buɗe mata ƙofa, ya gyara mata matashi, su tafi a hankali tana yi masa faɗan ramuka. 'Ya'yansu kuwa sun daɗe suna cewa ya tsufa da tuƙi, babban ɗan har ya rantse cewa ranar da uban ya bugi wani abu, ranar zai karɓe makulli.

Rannan suna dawowa, bambar baya ta faɗi a tsakiyar titi. Baba Tela ya ce wallahi bai bugi komai ba, tudun rage gudu kawai ya hau. Ɗan ya ce tudu ba ya cire bamba. Ya karɓe makulli, ya tuƙo motar da kansa zuwa rumfar Mai Roba, uban na zaune a gefe kamar wanda za a kai kotu, bamba kuma a kujerar baya. Cewa ya yi a gyara a sayar. Tsohon sai murza hularsa yake yi a cinya. Mai facin taya da ke maƙwabtaka da rumfar ya gani, ni ma na gani, don na riga na tsallako da sunan neman allura.

Ɗan ya sa giya zai shiga, Mai Roba ya ɗaga hannu.

"Motar wa?"

"Ta Baba ce."

"To Baba zai shigar."

Ɗan ya ce ai matsalar ke nan, tsoho ne, zai kwashe turken. Mai Roba ya ce in ya kwashe, turkensa ne, ya yafe. Ya koma ya ci gaba da fifita garwashi kamar ba da shi ake ba. Da ɗan ya ga ba sarki sai Allah, ya miƙa makulli.

Baba Tela ya zauna, ya gyara madubi, ya goge tafin hannunsa a riga. Motar ta yi tarinta, ta fara ja da baya sannu-sannu, ta shige tsakanin bango da turke kamar zare a kafar allura, ta tsaya cak a inda kowa ke tsayawa. Mai faci ya ce shi kansa ɗan, da ya kawo tasa bara, sai da ya yi gaba ya yi baya har aka gaji da yi masa hannu. A gabansa ya faɗa.

Mai Roba ya durƙusa ya kwance guntun kunnen da ya rage. Sai ya kamo hannun ɗan ya zuba masa shi a tafi. Robar ta marmashe kamar busasshen burodi. Rana ce ta cinye ta, ba bugu ba. Ɗan ya daɗe yana kallon garin robar nan. Can ya ce, "Baba, a canza duka biyun ko?" Tsohon ya ce a canza.

Da aka gama, aka jijjiga, bamba ba ta ce ƙis ba, Baba Tela ya miƙa wa ɗansa makulli don ya ga abin da zai yi. Ɗan ya ƙi karɓa, ya zagaya ya shiga ɗaya ɓangaren ya rufe ƙofa. Tsohon ya saki wata ajiyar zuciya da na jiyo daga inda nake. Har gobe shi ke kai matarsa asibiti, tana yi masa faɗan ramuka.

Da suka tafi na matsa na ce, "Kai, da gangan ka yi ko?" Ya ce, "Inna, doka ce." Amma na ga murmushi a gefen bakinsa.

Yanzu likita ya ce hayaƙin roba ya ishi ƙirjinsa, ƙanensa zai karɓi rumfar. Shi ya sa na ce bari in faɗa tun yana ji da kunnensa. Kai ne ka yi aikin da ba a gani, ka yi shi kamar za a rataye a falo. Kai ne ka riƙe bambar mutane, ka riƙe sirrinsu, ka mayar wa tsoho mutuncinsa ba tare da ka kunyata ɗansa ba. Mun gode, Mai Roba. Allah ya ba ƙirjin nan lafiya, ya sa ka huta da daɗi.

Ku kuma masu sana'a, ku yi koyi: ku gyara abin da aka kawo muku da kyau, ku kama bakinku a kan sauran. Ni dai na tsufa da koyon na biyun. Gobe ma zan kai masa shayi har gida, ko hutu zai sassauta masa harshe a kan motar matar likita.