Aljihun Rigar Likita

Tsohon yana zaune a keken marasa lafiya, hannun hagu kwance kan cinya kamar na aro. Daga kantar almakashi a babban yatsansa likita ya gane tela ne.

"Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya daina kula kowa," in ji matarsa. "Bakinsa lafiya lau, zuciyar ce ta kwanta. Ko jikokinsa ya daina tsokana."

Shi dai tsohon aljihun rigar likita yake ta harara. Can sai ya cafko shi.

"Wane mugu ya ɗinka maka wannan? A karkace yake!"

Kafin likita ya ji haushi, matar ta share hawaye.

"Don Allah, ɗana, ranar dawowarmu ma ita za ka sa."