Motar Likitan Shanu a Tsakar Gidanmu

Katangar zaurenmu aka fasa kafin motar ta shiga, kuma ba a yi shawara da ni ba. Na dawo daga niƙa na tarar da maza huɗu suna turo wata 'yar gajeriyar mota mai dogon hanci, ba rufi, kujera biyu kacal. Suka tsayar da ita daidai inda nake ɗaure awakina.

Na ce wa mijina, "Malam, wannan kuma fa? Ko buhun gero ba za ta ɗauka ba."

Ya ce, "Ba don kaya aka yi ta ba. Don gudu ce."

"To ta gudu ta bar min gida."

Mijina fanel bita ne, wato mai gyaran jikin mota. Garejinsa a bakin babban titi yake, amma da harbe-harbe suka yi yawa a Potiskum, zaman bakin titi ya zama kasada. Ya kwaso guduma da injin walda ya dawo gida, unguwarmu Yindiski.

Motar kuwa ta Likita ce, wani Kirista ɗan kudu da ke duba lafiyar shanu a kara, wato kasuwar dabbobi. Ya fi shekara ashirin a garinmu, har Fillanci yake ji. Tun yana saurayi ya saye ta a hannun wani Bature, ta tsufa, tsatsa ta cinye mata gindin ƙofofi, an shafa mata jan fenti bisa shuɗi bisa wani abin. Ranar da zai kwashe iyalinsa ya bar gari, ya zo ya riƙe hannun Malam ya ce, "Oga, ka maida min ita yadda take ranar da na fara ganinta. Har kalarta ta asali. Zan dawo." Malam ya ce ya ɗauka amana. Wannan kalmar ita ta kusa ja mana bala'i.

Dokar hana fita ta sa kowa yana gida tun la'asar, aiki kuma babu. Sai ya zama motar ce abin da ya riƙe shi. Da ba shi da mai kama masa, ni ya sa. Nakan tura hannu ta cikin mudugad, wato ƙarfen saman taya, in danne wani dunƙulen ƙarfe a bayan lotsawa, shi yana bugawa daga waje a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Ba ya duban wurin. Ido yake rufewa ya shafa da tafin hannu. In na ce ai ya yi daidai, sai ya ce, "Ido maƙaryaci ne a wannan aikin." Inda tsatsa ta ci, ba ya yarda ya cika ramin da ƙullun fila ya rufe kamar yadda wasu ke yi. Yankewa yake, ya yanko sabon ƙarfe, ya lanƙwasa shi bisa kututturen itace, ya yi walda, ya goge har ba ka gane mahaɗin. Abu ɗaya ya ƙara daga kansa: 'yan tagogin iska uku a kowane gefen hancin, wai zafin ƙasarmu ba irin na can ba ne. Mun fi wata bakwai a haka. Ba zan yi ƙarya ba, na fara son motar.

Saura kala. Ya bi da sanfefa yana kankarewa a hankali, fenti bayan fenti, bai sami komai ba. Rannan ya ciro robar bakin ƙofa, sai ga kalar asalin a ƙarƙashinta, rana ba ta taɓa ganinta ba: kore mai duhu, kamar miyar kuka da ta kwana. Ya yi kwana uku yana haɗa fenti a gwangwani, yana ɗiga shi kusa da wurin, har ya dace. Ya tada janareto ya fesa.

Da safe na fito da buta, na tsaya. Kyau dai ta yi kyau, har gajimare ake gani a jikinta.

Na ce, "Malam, kalar soja ce."

Ya dube ni, ya dubi motar. Wallahi sai a lokacin ya lura. Mutumin da ke gane lotsawar da ba ta kai ƙwayar gero ba, bai ga wannan ba, domin shi robar ƙofa yake kallo, ba gari ba. A kwanakin nan kowa ya san masu kai hari suna shigar soja, suna fenta motoci irin na soja, kuma ana bin gida-gida ana bincike. A sami koriyar mota a ɓoye bayan katanga, da injin walda da gwangwanayen fenti a gefe? Wa zai tsaya jin labarin likitan shanu?

Kafin azahar mai unguwa ya yi sallama, don maƙwabta sun hango ta saman katanga. Ya ce, "Malam, ba kai kaɗai ke zaune a layin nan ba. Ka sake mata kala."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan koren ya fi nasu duhu."

Daga bayan labule na ce, "Sai ka riƙa musu gwangwanin su gwada!"

Bayan fitar mai unguwa na same shi. Na ce masa amanar Likita ƙarfe ce, ni da 'ya'yana huɗu kuma mutane ne, ya zaɓa. Ya ce ya ba mutum kalmarsa, mutumin kuma ba ya nan balle ya nemi izini. Ya ce in ya fesa wani fenti a kai, aikin ya mutu, kuma irin wannan koren ba zai sake samun kayan haɗa shi ba. Kwana shida muna haka. Ya lulluɓe ta da tamfol, kamar tamfol yana hana bincike.

Ranar Juma'a, yana fita masallaci, na jiƙa farar ƙasa a babban baho, irin wadda muke shafe ɗaki da ita in salla ta gabato. Na sami tsumma mai laushi. Na shafe motar tun daga hanci har wutsiya, na bari ta sha iska, na sake, na kuma sakewa. Ya dawo ya tarar da ita fari fat, kamar rumbu. Ya daɗe a tsaye da dardumarsa a kafaɗa. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Kwana tara bai ci tuwona ba, sai na gidan ƙanwarsa.

Binciken ya iso layinmu da hantsi. Aka fitar da maza waje aka zaunar. Soja biyu suka shigo, ɗaya ya dafa hancin motar ya leƙa ciki, kazata tana kwance bisa ƙwai a kujerar direba.

Ya ce, "Mama, wannan tana tafiya?"

Na ce, "Ka tambayi direban, ga ta nan."

Ya yi dariya. Ya ɗaga hannunsa, tafin ya yi fari, ya goge a wando suka fita.

Da yamma Malam ya zo ya tsuguna kusa da murhu. Ya ce, "Ƙasa tana shan fenti in ta daɗe. Gobe ki wanke gefe ɗaya, in shafa mata man folish, ki maida ƙasar." Shi ke nan maganar. Haka muka riƙa yi, gefe-gefe, duk bayan 'yan watanni, a ƙarƙashin rumfar kwano. Bai sake ganinta koriya gaba ɗayanta ba. Hawan jini ya ɗauke shi shekara biyu bayan nan, gari bai gama lafawa ba. Allah ya jiƙansa. Masu sayen tsohon ƙarfe sun yi ta zuwa bayan takabata, na kore su. Folish ɗin ni na ci gaba da shafawa.

Bayan shekaru Likita ya dawo, ya tsufa, da sanda, da ɗansa da babbar mota. A ƙofar gida aka gaya masa rasuwar. Ya shigo ya ga farar aba da kashin kaji, na ga fuskarsa ta canza.

Na ce, "Likita, zauna."

Na ɗebo ruwa na fara zubawa daga hanci. Ƙasar ta riƙa gangarowa tana kwanciya a tsakar gida, koren yana fitowa. Ya tashi ya shafa gindin ƙofa inda dā rami ne, ya sa yatsa a 'yan tagogin nan uku, sai ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

Sai da na yi jika na shiga ajin manya na koyi riƙe biro, kuma wannan ne abu na farko mai tsawo da na so in rubuta. Na hana mijina kallon aikin da ya fi kowane aikinsa kyau. Na san haka, yana kuma damuna. In yau ne, zan sake jiƙa ƙasar.

Katangar zaure aka sake fasawa ranar da za a fitar da ita. Wannan karon ni na nuna musu inda za su sa diga.