Tsakuwoyin Madam Rashel

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Madam Rashel, tsohuwar Bayahudiyar da ta ba ni ɗaki a birnin Lyon na Faransa lokacin da na zo karatu daga Maradi. Ƙofa huɗu aka rufe mini kafin tata. Ita abu ɗaya ta tambaye ni, ko ina shan taba.

Wata Lahadi na raka ta wani lambu. A tsakiyarsa akwai bangon dutse da aka sassaƙa wa sunayen yaran Yahudawa da aka kwashe zamanin Yaƙin Duniya na Biyu aka hallaka. Na ga tsakuwoyi barbaje a gindinsa. Ni da na tashi da tsintsiya a hannu, sai na duƙa na tattare su tsaf na watsa cikin ciyawa, har ina jiran yabo.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce su Yahudawa ba fure suke ajiye wa mamaci ba, dutse suke ajiyewa, kowane ɗaya shaidar wani ya zo. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Muka durƙusa, ni da tsohuwa mai ciwon gwiwa, muna tsintowa tana mini tsiya. Daga nan ta nuna mini sunan ƙanenta Simon. Shekararsa shida aka tafi da shi, ba gawa, ba kabari, kuma ita kaɗai ta rage a danginsu.

Yau ina aiki a Paris. Idan na ga sojoji suna gadin makarantun Yahudawa a unguwar Belleville, nakan ce da tana nan me za ta ce? Ina jin za ta yi tsaki, sannan ta tambayi sojan ko ya ci abinci.

Na gode mata da ɗakin, na fi gode mata da amanar. Da ciwo ya kwantar da ita, na yi mata alkawarin zan riƙa ziyartar kabarinta. Ta girgiza kai.

"Habu, ni za a yi mini kabari. Ka je wurin wanda ba shi da shi."

Kowace shekara nakan hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, in tsaya gaban bangon, in kira sunan yaron a fili. Maƙabartar da take kwance ba ta da nisa daga nan. Har yau ban taka ta ba.