Tsiron Fata da Auren Falmata

Kafin in lalace, hayar littattafan soyayya nake bayarwa a kan wani ɗan teburi a unguwar Shamaki, cikin Gombe. Na fi masu hayar karanta su. Duk littafin da na buɗe, ni ne saurayin ciki: farar shadda, mota mai sanyi, kyakkyawa tana jirana a zaure tana wasa da gefen mayafi. In na rufe littafin sai in ga silifas ɗina da na ɗaure da waya. Kwaɗayin zama wancan saurayin shi ya kai ni ya baro.

Da ƙaramin abu na fara. Na ajiye ƙulle-ƙullen gari kusa da littattafai, ina ce wa samari maganin ƙarin kuzari ne, alhali kuka ce da citta. Babu wanda ya dawo da ƙorafi. A nan na gane cewa duk ciwon da ke ƙasan cibiya, mai shi ba ya kai ƙara. Kunyar mutane ta zama jarina. Na kama shago a lungu, na sayi farar riga a gwanjo, na rataya labule. Sunana ya koma Dakta.

Lokacin ne mutanen Borno ke ta kwararowa Gombe, suna gudun tashin hankali. Cikinsu akwai Malam Modu, mai ɗinkin hula a gindin dalbejiyar da ke kallon shagona. Kullum da azahar matarsa Falmata za ta kawo masa abinci, ta tsaya tana warware masa zare suna dariya da yarensu. Kowa a layin ya san labarinsu: ranar gudu suka rabu a daji, sai bayan wata huɗu suka haɗu a tasha. Ban taɓa karanta soyayya irin tasu ba.

Wata safiya Modu ya shigo yana sunkuyar da kai. A bayan labule ya nuna mini wasu 'yan tsiro a matsematsinsa, masu laushi, kamar ƙwayar dawa. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Na san su sarai, don mahaifina yana da irinsu a wuya da hammata har ya koma ga Allah. Amma na girgiza kai na ce, “Malam Modu, wannan ciwon shimfiɗa ne.”

Ya ce, “Wallahi Dakta, ban taɓa sanin wata mace ba sai iyalina.”

Na ce, “To in ba kai ba ne, ka tambayi gida. Wata huɗu ai ba kwana huɗu ba ne.”

Har wani daɗi na ji yadda maganar ta fito, kamar daga bakin mugun cikin littafi. Tir da ni.

Maganina ruwan batir ne da kanwa da shuni. Da gashin kaza na shafa masa. Ya cusa hular da yake ɗinkawa a baki ya cije, ƙaurin fata ya cika shagon, ni kuwa ina cewa, “Daure, cutar ce ke fita.”

Daga ranar Falmata ba ta sake kawo abinci ba. Ya ba ta takarda, ta koma wurin gwaggonta a unguwar Dawaki, magana ta bi ta har can. Shi kuma wurin ya ruɓe. Ƙuda na binsa, in ya shiga sahu mutane na toshe hanci da bakin riga, yana ɓoyewa har ya faɗi. Maƙwabta suka kai shi asibiti, daga can 'yan sanda suka zo shagona.

A kotu wata nas 'yar unguwar Herwagana, Sista Rifkatu, ta ba da shaida. Ta ce abin da ya rage ban ƙona ba tsiron fata ne kawai, irin wanda ke fitowa inda fata ke gugar fata, ba ruwansa da kwanciya. Ta ce akwai tsiron da ake ɗauka ta wurin saduwa, akwai wanda ba haka ba, sai wanda ya karanta ya duba zai bambance. Sannan ta juyo ta dube ni ta ce, “Kai ko akuya ce ba za a ba ka ka duba ba. Dakta? Kai dai ka ji kunya.” Modu yana zaune a karkace, hawaye na bin gemunsa.

Shekara uku na yi a gidan yari. Na kwana kusa da bokitin bayan gida, na sha kwarkwata, amma duk wannan bai kai ƙyamar da nake yi wa harshena ba.

Da na fito na je wurin Modu. Yana nan gindin dalbejiyarsa, ga leda ta abincin saye a gefe. Ya ce, “Ni na yafe, don da wautata a ciki. Amma ba ni ka fi cuta ba.” Ya ce ya yi biko har ƙafarsa ta gaji.

Na sami Falmata a Dawaki tana sayar da turaren wuta a ƙofar gida. Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne. Ta jima tana gyara kwalabenta, sannan ta ce, “Na ratsa daji da ƙafa, na sha ruwan kududdufi, sunansa nake kira. Kai ka yi magana ɗaya, ya yarda. Ka nemi gafarar Allah. Tashi, Malam, ka tare wa masu saye hanya.”

Na tuba, yanzu bulo nake bugawa. Samari, kada ku ci abinci da kunyar mutane kamar yadda na ci. In kun ga wani abu ya fito muku a wurin da ba a faɗa, ku kai shi asibiti, kada ku kai shi bayan labule, kuma kada ku tuhumi kowa kafin a duba. A littattafan da na girma da su, masoya kan koma wa juna a shafin ƙarshe. Jiya da azahar na wuce gindin dalbejiya, Modu yana warware zarensa shi kaɗai.